Itace ya yi tsada, gaz na ɓoyo, faktir na hawa: wane tsari gwamnati ta yi wa gidan talaka?

Maman Nafissa, Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni kuma don Allah wanda ya san zancen ya ba ni amsa tsakani da Allah. Maigidana malamin kwantaragi ne, mu tara ne a gida har da tsohuwarsa, na zauna na yi lissafin abin da wuta kaɗai take ci mana, ta girki da ta lantarki, sai na ga abin ya kusa kamo kuɗin hayar gidan. Itace na dala ɗari ba ya kai mu dare in dai ranar wake ce ko tuwo, ga gawayi na ruwan zafin tsohuwa da shayi da guga, ga faktir da zarar Afrilu ta shigo sai ya haye sama don ba mai iya kwana ɗakin kwano ba fanka, yara sai kuka suke ƙuraje sun feso musu a wuya. Muna da ƙaramin butalin gaz guda amma in ya ƙare wani lokaci sai yaro ya zagaye gari a kan kabu-kabu kafin ya samu, in ya samu ma ba a farashin da ake faɗa a rediyo ba. Kullum muna jin ana cewa an kawo proje na murhu, an kawo proje na pano na sola, to ina suke shiga ne? Akwai wani tsari na gwamnati da gida irin namu zai je ya rubuta suna a taimaka masa ya rage wannan kashin kuɗi? Na biyu kuma, wata mai zuwa ni ce da kwasar adashe, jika talatin ne, me ya fi in fara saye, butali na biyu ko murhun ƙarfe ko in ƙara in sayi ƙaramin pano da fanka?

Mushe Habou, Zango:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Tsari kam akwai shi, sai dai ba irin na zuwa a rubuta suna ba ne, yawancinsa a cikin farashi aka saka shi shi ya sa ba ki ganinsa da ido. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a Bakin Birji ƙarshen 2011, wadda ke iya tace ganga 20,000 a rana, gwamnati ta tsayar da kuɗin cika butali mai kilo 6 a 1,800, wato jika biyu ba dala arba'in, babban mai kilo 12.5 kuma 3,750. In kin tambayi 'yan'uwanmu da ke Kano ko Daura nawa suke cika kilo 6 za ki gane cewa wannan farashin tallafi ne babba, kuma wannan bambancin shi ne rabin dalilin da gaz ke ɓacewa, don duk abin da ya fi araha a nan sai ya nemi hanyar ƙetare iyaka, ga Magaria ga Matameye iyakar ba nisa. A wajen lantarki ma akwai kason talaka, gidan da bai wuce kilowat 50 a wata ba yana biya da sauƙi, hukumar ARSE ce ke tsara farashin. Kayan sola kuma an ɗauke wa da yawansu kuɗin duwan tun 2017, sannan ga proje Haske na faɗaɗa wutar lantarki da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 wanda a cikinsa har da batun girki mai tsabta.

Amma ni abin da ke ci mini rai shi ne duk waɗannan wanda ya riga ya shiga ɗaki suke taimaka wa, na bakin ƙofa yana nan tsaye. Tallafin gaz sai mai butali da kan rasho, kuma kuɗin sayen butalin farko shi ne katangar. Kason talaka na lantarki sai mai kontar, alhali a ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A watan Yulin 2024 an rage litar isansi zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, mun ji daɗi kuma mun gode, amma matar da ke hura murhu mai duwatsu uku a Kara-Kara wannan ragin bai shiga kicin ɗinta ba sai ɗan abin da ya rage wa mai kamyon itace, in ma ya rage mata. Talaka yana sayen wuta ne kamar yadda muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa lokacin da pampo ya ƙafe, jarka-jarka, a ƙarshen wata ya biya fiye da mai pampo a gida kuma bai ƙoshi ba. Wanda ke sayen itace na dala ashirin-ashirin ya fi wanda ke sauke amalanke guda biyan tsada, wannan kowa ya sani.

Kuma ku yara ku sani ba yau aka fara ba. A shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe Mai Sauƙi da na laka Albarka, a 1992 aka yi dokar kasuwannin itace na karkara don mutanen ƙauye su riƙe dajinsu su sayar da ƙa'ida, kafin nan ma marigayi Farfesa Abdou Moumouni yana ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana, yana ƙera na'urar ɗuma ruwa da ta girki da hasken rana. Ilimin muna da shi tun da daɗewa. Abin da ke faruwa shi ne proje ya zo da kuɗin waje ya yi 'yan shekaru ya raba murhu, ranar da ya naɗe tabarma sai maƙeran da aka koya wa su koma ƙera abin da aka fi saye. Shawarata kan jika talatin ɗinki, butali na biyu, don wanda ke da biyu ba ya sayen gaz a hannun ɗan ɓoye, yana da sararin jira har mota ta kawo.

Hajiya Barira mai tuwo, Birni:

Mushe ka yi magana mai kyau amma a kan butali na biyu ban yarda ba, ka yi haƙuri, ku maza ba ku tuƙa tuwo. Mutum tara ta ce fa. Tukunyar tuwon mutum tara in ka aza ta a kan ƙaramin butali kana sa muciya za ta fara rawa, sai wata ta riƙe miki da tsumma ke kina tuƙi, ga tsoron kifewa a kan yaro, shi ya sa za ka shiga gidaje da yawa ka ga butalin na nan a kusurwa na miya ne da ruwan zafi da indomin yara, tuwo da wake da dafa dawon fura duk suna kan itace. To in itacen nan ba za a rabu da shi ba ai shi ya kamata a fara rage wa. Ni sana'ata ke nan, kullum tukwane uku nake azawa, tun da na sa maƙeri a kasuwar Dole ya yi mini murhu daidai gindin kowace tukunya, tukunyar ta nutse ciki har kusan wuya ya bar 'yar tazara kamar kaurin yatsa don hayaƙi ya fita, itacen da nake ƙonawa ya ragu wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma iska ba ta kwashe wutar lokacin hunturu. Sirrin shi ne ki kai tukunyarki a auna, kar ki sayi wanda aka riga aka ƙera a ce miki yana ɗaukar kowace, in tazarar ta yi faɗi zafin gefe zai bi ya tafi. Itace kuma a faskara shi ƙanana a bar shi ya bushe, biyu ko uku sun isa a bakin murhun ba sai an cusa ba, wake a jiƙa shi tun dare a sa 'yar kanwa, murfi ya zauna. Wannan duka ba zai ci miki rabin kuɗin adashen ba, sauran ki ajiye na cika gaz.

Sannan maganar hayaƙi da ba wanda ke sa ta a lissafi. Mu da muka tsufa a bakin murhu mun san abin da ya yi wa idanunmu da ƙirjinmu, ga goyo a baya yana shaƙa tare da uwa. Kuɗin maganin tari da na ɗigon ido ai shi ma kuɗin wuta ne. Ni da gwamnati za ta ji tawa, da kowace mace da ta je awon ciki a ba ta takardar karɓar murhu a rabin kuɗi wajen maƙeran garin, maƙeri ya samu aiki mace ta samu sauƙi, ba sai an jira wata mota ta zo daga Yamai da tuta ba.

Sani mai gyaran wuta, Sabon Gari:

Hajiya Allah ya ƙara girma, zancenki dutse ne, kuma hukumar lafiya ta duniya ma ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a duniya. Ni bari in taɓa ɓangaren faktir don shi ne aikina. Yaya Maman Nafissa ki fara duba abu ɗaya, kontar ɗin naku ku kaɗai ne a kansa ko kun haɗa da sauran 'yan haya? Don a nan ne talaka ke faɗawa rami bai sani ba. Gida huɗu a kan kontar ɗaya, kowa fanka biyu da ampul uku da telbijin, kowane gida shi kaɗai da zai iya zama kusa da kilowat 50, amma da aka haɗa su sai kontar ya nuna 200 ko fiye, a lissafa musu a farashin masu hali, kason da aka yi don su sai ya tsallake su. Ƙarshen wata kuma a raba daidai, mai firigo da marar firigo, rigima ta tashi. Wannan gyaransa na hukuma ne, a sauƙaƙa kuɗin jona kontar a bar mutum ya biya kaɗan-kaɗan a cikin faktir, ko a tilasta wa mai gidan haya ya sa wa kowane sashe nasa.

Sai lissafin kaya. Tsohon ampul mai zare yana cin wat 60, LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya, dogon neyon ɗin nan wat 36 ban da abin da balas ɗinsa ke ci. Fankar sama wajen wat 70 take, in ta kwana awa 10 kullum a wata ta ci kilowat 21, fanka biyu kin ga 42 ke nan, saura kaɗan kason ya cika tun ba a kunna komai ba. Fankar DC mai aiki da batir ba ta wuce wat 15 zuwa 25. Babban ɓarawo kuwa tsohon firigo ne da kwanjilatar na hannu da ake shigo mana da su bayan Turawa sun gama da su, robar ƙofar ta saki, injin ba ya hutawa ko minti ɗaya a zafin Mayu, na sha buɗe irinsu in tarar bayan ya yi baƙi da ƙura an manna shi da bango ba inda iska za ta wuce. Mata na saya don sana'ar ƙanƙara da zoɓo da lamurje, ribar kuma faktir ya cinye. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firigo tun 2013, har ta yi tsarin kawo tsoho a rage maka kuɗin sabo, mu me zai hana?

Pano da jika talatin, gaskiya kar ki yi yanzu. Kuɗin zai ba ki ƙaramin pano da batir marar kyau wanda zafi zai kashe kafin shekara. Mun gani a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta saboda takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa, namu layin ma ta Katsina da Gazaoua yake biyowa, ba a maido ba sai Maris 2024. A wannan tsakanin kowa ya ruga sayen pano, aka cika kasuwa da kaya masu rubutun wat 150 a jiki alhali ba su ba da rabin haka. Ɗauke kuɗin duwan ba tare da an sa ido kan inganci ba, shi ne ya buɗe wa jabun ƙofa.

Maman Nafissa, Garin Malam:

Malam Sani wallahi ka taɓo inda ke mini ciwo, mu uku ne a kan kontar ɗaya kuma maƙwabciyata tana da kwanjilatar na ƙanƙara, raba daidai muke yi don gudun ɓacin rai. Zan nuna wa maigida wannan lissafin ya yi wa mai gidan magana. Hajiya na gode, wane irin ƙarfe zan ce wa maƙerin ya sa don kar ya ba ni na gwangwani?

Moutari, ɗan Tudun Jamus da ke karatu a Faransa:

Salam iyayena da yayyena. Ina son in faɗi yadda suke yi a nan, ba don in ce mu kwafa ba, don su sanyi ne ke kashe musu tsofaffi mu kuma zafi da hayaƙi. A Ingila a da an daɗe ana cewa gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu kafin ya ɗuma ɗakunansa yana cikin talaucin makamashi, kuma a 2013 doka ta ɗora wa manyan kamfanonin wuta da gaz nauyin biyan kuɗin toshe bango da rufin gidajen masu ƙaramin ƙarfi don zafi ya daina tsiyaya, ga ragin fam 150 a faktir lokacin sanyi. A Faransa tun 2018 ana aiko wa gidaje marasa ƙarfi takardar biyan wuta sau ɗaya a shekara, daga yuro 48 zuwa 277 gwargwadon samunka da yawan iyalinka, babbar ta haura jika 180 a kuɗinmu. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris an hana a yanke wa gida wuta don bai biya ba. Kuma daga 2025 gidan da aka auna aka ga ya fi kowane zubar da zafi, mai harafin G, an hana a sa sabon ɗan haya a ciki sai an gyara.

Abu biyu ne na ga sun shafe mu. Na farko sun fara da aunawa, sun san gida nawa ne ke cikin wannan hali. In aka ɗora ma'aunin kashi 10 ɗin nan a kan gidan Yaya Maman Nafissa da ta ce wuta ta kusa kamo haya ai ta wuce shi da nisa, kuma unguwa guda za a samu haka. Na biyu sun gane cewa ginin ne ke cin kuɗin. Mu a Damagaram mun bar ginin tubali mai kaurin bango da rufin azara da soro irin na Birni, wanda da rana tsaka za ka shiga ka ji sanyi, mun koma bulo siriri da kwano ba silin, taga ɗaya 'yar ƙarama, sai mu sayi fanka ta riƙa juya mana iska mai zafi. Mai gidan haya shi ke zaɓen kwano don araha, ɗan haya shi ke biyan faktir har abada. Da meri za ta ce duk gidan haya sabo sai da silin da tagogi biyu masu kallon juna, a shafa wa kwano farin fenti, da an rage abu mai yawa ba tare da baitulmali ta kashe komai ba. Kuma ko yanke wuta ne, me zai hana a ce daga Afrilu zuwa Yuni ba a yanke wa ƙaramin kontar, a raba masa bashin zuwa bayan damina?

Malam Issoufou, Matameye:

Moutari Allah ya ba da sa'ar karatu, amma ginin ƙasa da kake yabo ka tuna damunar 2024 irin gidajen da ruwa ya rusa, har tsohon masallacin Birni ya faɗi, mutane ba don ƙyale-ƙyale kaɗai suka gudu zuwa siminti ba, yaɓe duk shekara kuɗi ne, azara kuma ta yi wuya don giginya ta ƙare. In za a koma sai da gindin dutse da siminti da indararo mai kyau, ko irin ginin nan marar itace mai baka da tulluwa da aka koya wa magina a ƙasar nan.

Ni kuma ina son ku mutanen birni ku tuna daga ina itacen yake zuwa. Duk kamyon da ya shiga Damagaram da lodi wani daji ne ya ragu, matanmu da a da suke samo itace a bayan gari yanzu sai kara da kashin shanu suke ƙonawa, karan nan kuma shi ya kamata ya kwanta a gona ya tare iska ya zama taki, ga dabba na jiransa. Abin da ya cece mu a nan Matameye da Magaria da Mirya shi ne sassabe na zamani, manomi ya bar gawo da kalgo da sabara su tofo a gonarsa yana yi musu aski, reshen da ya sare shi ne itacen girkinsa, ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo haka tsakanin jihar Maradi da tamu. Wannan ba da tallafi aka yi shi ba, an dai bar manomi ya ji itacen gonarsa nasa ne, 'yan gandun daji sun daina kama shi a kan reshe. Dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta yana da kyau amma wanda ya tsiro da kansa ya fi rayuwa. Don haka duk butalin da aka sauƙaƙa wa matar birni mu ma an taimake mu, ni ina goyon bayan a karkatar da wani kaso na tallafin zuwa sayen butalin farko da kan girki mai ƙafafu da zai ɗauki babbar tukunya, a bi ta ƙungiyoyin mata na asusu tunda su sun san wace ce ba ta da shi. Ga kuma gawayin ƙasa na Tchirozérine da ake sarrafawa don girki, ya dace da makarantun kwana da gidan kaso da bariki da masu tuwo irin su Hajiya, su ne ke cinye itace da yawa a lokaci guda.

Hajiya Barira mai tuwo, Birni:

Malam Issoufou gawayin ƙasan nan na gwada shi, yana da wuyar kamawa amma in ya kama yana daɗewa, sai dai da murhunsa na daban kuma a fili ake hura shi. Maman Nafissa ki ce masa ƙarfen gangar mai kike so ko na jikin mota, mai kauri, ki ɗaga ki ji nauyi, ya sa miki ƙarfe uku a ciki inda gindin tukunya zai zauna, ƙofar itacen kuma kar ta wuce faɗin tafin hannu. Ki yi biyu, na tuwo da na miya. Kuma tunda kin ambaci gawayi da tsohuwa, don Allah in ɗari ya shigo kar a kai mata kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga, iskar gawayi ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. A ɗuma ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin ta kwanta, a ƙara mata bargo.